Kogin Binuwai: mafarinsa, yadda Turawa suka yi ta nemansa, da tarihin sunansa

Binuwai, wanda ake rubutawa Bénoué da Faransanci, shi ne mafi girma a cikin kogunan da ke zuba a Kwara. Tsawonsa ya kai kilomita 1,400, kimanin 350 a ƙasar Kamaru, sauran a Najeriya. A bakinsa birnin Garwa ya zauna, kuma sunansa aka ba gundumar da birnin ke ciki. Hasali ma gundumomi huɗun da suka haɗu suka yi Jihar Arewa ta Kamaru duk sunan kogi suka ci: Bénoué, Faro, Mayo-Louti da Mayo-Rey. A Najeriya akwai Jihar Binuwai, wadda aka ƙirƙira a 1976.

Fiye da shekara 20 taswirorin Turai suna ɗauke da wannan kogi da wani suna daban, Cadda, wanda aka gina a kan zaton cewa daga Tafkin Cadi ruwansa ke fitowa. Sunan da ya tabbata daga baya kalma ce ta mutanen bakin kogin, kuma a kusa da Garwa aka ji ta aka rubuta.

Daga tudun Adamawa zuwa Lakwaja

Kogin yana tasowa ne a tudun Adamawa, arewa da Ngaundere, a wurin da ya ɗara mita 1,300 a saman teku. Farkon tafiyarsa gangara ce mai tsanani. A cikin kilomita 240 na farko yakan sauko fiye da mita 600, yana ratsa duwatsu da kwazazzabai, ya bi ta gefen gandun namun dajin Bénoué mai faɗin hekta 180,000, inda dorina da kada da ɓauna suke. Daga nan ya karɓi ruwan Mayo Rey, ya shiga tafkin Lagdo.

Bayan Lagdo sai ƙasa ta kwanta. Mayo Kebbi, wanda ya taso daga ƙasar Cadi ya kwaso Mayo Louti daga duwatsun Mandara, yana shigowa ta hannun dama kafin a iso Garwa. A daidai nan kogin ke juyawa ya fuskanci yamma. Faro kuma yana zuwa daga kudu, ɗauke da yashi mai yawa, ya haɗu da shi dab da iyaka. A cikin Najeriya ya wuce Jimeta da Yola, ya karɓi Gongola a Numan, sannan Taraba da Donga da Katsina Ala, ya ratsa Ibi da Makurɗi, ya gamu da Kwara a Lakwaja. Idan damina ta kankama, ruwan da Binuwai ke kaiwa mahaɗar yakan fi wanda Kwaran kanta ta zo da shi.

Akwai lamba ɗaya da ke bayyana tarihin Garwa kusan gaba ɗaya. Duk da nisan da ke tsakanin birnin da teku, wanda ya haura kilomita 1,000 ta hanyar ruwa, kogin a nan bai kai mita 200 a saman teku ba. Wato daga Garwa zuwa Lakwaja ruwan yana tafiya ne a hankali cikin kwari mai faɗi, babu duwatsun da ke tare jirgi irin na Busa a kan Kwara. Masana duwatsu sun ce wannan kwari tsagewar ƙasa ce da ta auku fiye da shekara miliyan 100 da suka wuce, lokacin da Afirka ke rabuwa da Amurka ta Kudu. Tsagewar ta fara, ba ta ƙarasa ba, sai yashi da laka suka cike ta, kogi ya bi ta kai.

Sai dai kogi ne mai fuska biyu. A watan Maris da Afrilu, sa'ad da zafin Garwa ke haura digiri 40, yakan janye ya bar tsibiran yashi, a wasu wurare har a tsallaka da ƙafa. Daga Agusta zuwa Oktoba kuwa yakan cika ya malale fadamu. A kan lakar da ya bari idan ya koma ne manoma ke dasa masakwa, dawar rani da Fulanin yankin ke kira muskuwaari.

Uwar ruwa

A harshen Bata, mutanen da suka mallaki wannan ɓangare na kogin kafin zuwan Fulani, “be” ruwa ne, “nuwe” kuma uwa. Benuwe ke nan, uwar ruwa. Fulani suka ɗauki sunan yadda suka same shi, suka ɗora masa “maayo”, kalmarsu ta kogi, wadda ke gaban sunayen rafukan arewacin Kamaru bila adadin. Bakin Bahaushe ya mayar da shi Binuwai.

Kogi mai tsawon haka ba ya zama da suna guda. Kowace al'umma da ke bakinsa, Jukunawa da Tibi da Idoma da Igbira, tana da yadda take kiransa. Fataken Hausawa da ke hada-hada a wajen mahaɗar Lakwaja a ƙarni na 19 suna bambanta kogunan biyu da launi: Kwara farin ruwa, Binuwai baƙin ruwa.

Shi ma sunan Garwa, ruwayar da ta fi yaɗuwa a birnin ta kai shi ga harshen Bata, Gwa-Rwe, wato kwarin wata bishiya da suke kira rwe. Bahaushen da ya ji sunan yakan tuna garwar mai ga-ruwa, amma wannan kamar sauti ce kawai. Garin Fulani na yanzu Modibbo Hamman Njundi ne ya kafa shi a farkon ƙarni na 19, zamanin da Modibbo Adama ke jagorantar jihadi a ƙasar da ake kira Fombina, wato kudu da Fulatanci.

Yadda aka yi Cadda ya hau taswira

Turawa sun fara da ganin wutsiyar kogin ne. A watan Oktoba na 1830 wasu 'yan'uwa biyu 'yan Ingila, Richard da John Lander, suna gangarowa Kwara cikin kwalekwale don su ga inda ta ƙare, suka wuce bakin wani babban kogi da ke shigowa daga gabas. Richard ba baƙon ƙasar Hausa ba ne, shi ne baran Hugh Clapperton da ya binne maigidansa kusa da Sakkwato a 1827. Suka rubuta sunan kogin Tshadda, suka kuma ɗauka shi ne Shari, wanda Dixon Denham ya gani a wajen Tafkin Cadi shekaru kaɗan kafin nan.

A 1833 wani ƙaramin jirgin ƙarfe mai aiki da tururi, Alburkah, wanda sunansa albarka ce aka rubuta da bakin Turawa, ya hau kogin kimanin kilomita 160 ya juyo. Tafiyar ta ci rayuka: cikin Turawa 48 da suka fito, 9 ne suka koma gida, zazzaɓi ya kashe yawancin sauran. Ɗaya daga cikin waɗanda suka tsira, hafsan sojan ruwa William Allen, ya gabatar da takarda a 1838 yana nuna yiwuwar cewa Cadda ce mafitar Tafkin Cadi. Hujjar masu wannan ra'ayi tana da ɗan ƙarfi. Tafkin da ba shi da mafita yakan yi gishiri, ruwan Cadi kuwa ana shansa, saboda haka a ganinsu dole akwai inda yake fita. Abin da ya rage musu shi ne wanda ya je ya gani.

Barth a Taepe

Heinrich Barth Bajamushe ne da gwamnatin Ingila ta aiko. Ya bar Tarabulus a 1850, ya ratsa Ayar, ya shiga Katsina da Kano a farkon 1851, ya sauka Kukawa wajen Shehu Umar. Abdulkarim yake kiran kansa. Yana jin Larabci, ya koyi Hausa a hanya, ya kama Barbarci, daga baya ya ƙara da Fulatanci. A Kukawa ya zauna da alhazai da fatake yana tambayarsu zango-zango na hanyoyin da suka bi, kuma daga bakinsu ya ji labarin manyan koguna biyu na Fombina.

A ƙarshen watan Mayu ya bi ayarin da ke tafiya Yola, ta Uba da Mubi. Ranar 18 ga Yuni 1851 ya iso Taepe, inda Faro ke shiga Binuwai, dab da iyakar Kamaru da Najeriya ta yau, ga dutsen Alantika yana hangowa a kudu. Ya ƙiyasta faɗin Binuwai a wurin yadi 800, zurfinsa ƙafa 11, alhali damina ba ta yi nisa ba. Aka tsallakar da kayansa cikin kwalekwalen itace, dawakai da raƙuma suka sha wuya a ruwa.

Abu biyu ya tabbatar a ranar. Na farko, babban kogin daga kudu maso gabas ya fito, daga tudun da ke bayan Fombina, ya nufi yamma. Ba shi da alaƙa da Shari. Na biyu, kusan babu shakka shi ne Caddar da aka gani a Lakwaja. Ya tambayi sunansa, ya tambayi ma'anar sunan, ya rubuta Benuwe.

Yola ba ta karɓe shi ba. Ya isa ranar 20 ga wata, ranar 24 Lamiɗo Lawal, ɗan Modibbo Adama, ya umarce shi ya koma inda ya fito. Ya zo ne tare da manzannin Borno masu ɗauke da wasiƙu kan rigimar iyaka, kuma ba shi da takardar Sarkin Musulmi. Ya juya yana fama da zazzaɓi, bai taka Garwa ba.

Jirgin Pleiad

Da wasiƙun Barth suka isa Landan, wani mai zanen taswira Bajamushe da ke zaune a can, August Petermann, ya yi ta yayata su yana kira a aika jirgi ya bi Cadda a gani. A 1854 aka aiko Pleiad, wanda ɗan kasuwa Macgregor Laird ya gina. Wanda aka naɗa ya jagoranci tafiyar, John Beecroft, ya rasu kafin jirgin ya iso, sai likitan jirgin, William Balfour Baikie, ya karɓi ragama. A cikin jirgin akwai Samuel Ajayi Crowther, wanda daga baya ya zama bishop na farko baƙar fata a cocin Angilika.

Sun wuce inda Alburkah ya tsaya da kimanin kilomita 400, suka kai ƙasar Muri, ruwa ya fara janyewa suka juyo ba su kai Yola ba. An fi tuna tafiyar da cewa Baikie ya sa Turawan jirgin shan kwinin kullum, kuma babu wanda ya mutu. Wannan ya buɗe ƙofar kogunan ga 'yan kasuwa da 'yan mishan, daga bisani ga sojoji.

Ta fuskar suna kuwa, littattafan da suka biyo bayan tafiyar sun nuna daidai lokacin da aka yi canji. Na Crowther, wanda ya fito a 1855, Neja da Tshadda ya sa a kansa. Na Baikie, a 1856, Kwora da Binue ya sa a gaba, ya mayar da Neja da Tsadda bayani ga mai karatun Ingila. Ga Binuwai gyaran ya kama, Cadda ta ɓace daga taswira. Ga Kwara bai kama ba, Neja ya zauna, har ƙasashe biyu suka ci sunan. Baikie ya dawo ya zauna a Lakwaja, ya ziyarci Kano a 1862, ya fassara sassan Baibul da Hausa, ya rasu a Saliyo a 1864.

Kada a ɗauka Turawan sun haƙura da raɗa suna. Baikie ya raba wa duwatsu da tsibiran da ya wuce sunayen manyan Ingila da abokansa, waɗanda yau babu mai kiransu. Dutsen Dimlang da ke kudu da kogin ya daɗe a taswira da sunan Eduard Vogel, Bajamushen da aka aiko ya taimaki Barth, ya tsallaka Binuwai a 1855, aka kashe shi a Wadai a 1856. Ko ayu bai tsira ba. Vogel ya aika bayanin dabbar Turai da sunanta na Hausa, wani masanin dabbobi a Landan ya laƙaba mata sunan Vogel a harshen Latin, kafin a gane irin ayun da aka riga aka sani ne a kogin Sanagal.

Madugai biyu da mafarin kogi

Saura a san inda ya taso. Eduard Robert Flegel ya fara hawa kogin a 1879 cikin jirgin 'yan mishan mai suna Henry Venn, wanda ya wuce Yola ya kai wajajen Garwa, ya zana taswirar hanyar. Ya dawo ta ƙasa, a watan Agusta na 1882 ya isa maɓuɓɓugan Binuwai a kusa da Ngaundere. Littattafan Jamus sun rubuta wannan a matsayin gano mafarin kogin.

Kalmar ganowa tana buƙatar a auna ta a nan. Mutanen Mbum da Dii suna noma suna shan ruwan waɗannan rafuka tun kaka da kakanni, Fulani sun kafa sarauta a Ngaundere shekaru da dama kafin zuwansa. Hanyar da Flegel ya bi kuma hanyar fataken hauren giwa ce, kuma Hausawa ne suka kai shi: Madugu Muhammadu Mai Gashin Baki da Madugu Ɗan Tambari. Su suka san zango, su suka san gaisuwar da za a kai wa kowane lamiɗo, su suka tsaya masa. Flegel bai ɓoye wannan ba. Ya tafi da su Berlin a 1884, ya buga ɗan littafi a 1885 kan abin da suka gani, ya kuma rubuta tarihin rayuwar Mai Gashin Baki daga bakinsa da Hausa, wanda masu nazarin fatauci ke amfani da shi har yau. Abin da Flegel ya ƙara a kan sanin madugan shi ne awo: ya sa wurin a kan layukan taswira yadda wanda ke zaune a Turai zai iya nuna shi da yatsa. Ya rasu a Brass, a bakin teku, a 1886.

Ashe masu zaton Cadda suna da ɗan rabo

Tsakanin Logon, wanda ke gangarawa Tafkin Cadi, da Mayo Kebbi, wanda ke gangarowa Binuwai, babu tudun kirki. Fadamu ne da tafkuna a ƙasar Tupuri, irin su Fianga da Tikem. A shekarar da ruwa ya yi yawa, Logon yakan cika ya tumbatsa ta gefen yamma a wajajen Bongor, ruwan ya malala cikin waɗannan fadamu, ya shiga Mayo Kebbi, ya ratsa tafkunan Tréné da Léré, ya wuce ta ƙarƙashin gadar Garwa, ya ƙare a Tekun Atlantika. Wato ruwan da ya kama hanyar Tafkin Cadi ne Binuwai ke karkatarwa. Daga tafkin kansa kam ko ɗigo ba ya zuwa. Masana ƙasa suna kallon wurin a matsayin misalin kogin da ke shirin ƙwace ruwan wani, tunda gangarar da ke yamma ta fi ta arewa tsanani.

Barth ya ji labarin wannan haɗi a farkon 1852, lokacin da ya bi rundunar Borno zuwa ƙasar Musgu. A 1889 Manjo Claude MacDonald na Ingila ya hau Mayo Kebbi da ƙaramin jirgi, ya koma da ra'ayin cewa babu hanya. Kyaftin Eugène Lenfant na Faransa ne ya warware zancen a 1903. Ya zo da jirgin ƙarfe mai suna Benoît-Garnier, ya wuce Garwa da damina, ya bi Mayo Kebbi har inda kogin ke faɗowa daga kan dutse. Nan aka kwance jirgin, 'yan dako suka ɗauke shi gunduwa-gunduwa suka kewaye, aka sake haɗa shi a sama, ya ratsa fadamun Tupuri ya shiga Logon. Shekaru bayan haka Faransa ta riƙa kai wa sojojinta na Cadi kaya ta wannan hanya.

Magangarar ruwan da ta tsayar da Lenfant ta sha suna. Shi ya kira ta Gauthiot, don girmama Charles Gauthiot, sakataren wata ƙungiyar masu nazarin ƙasa da kasuwanci a Paris. A 1910 wata 'yar Sikotlan, Olive MacLeod, wadda daga baya ta auri Charles Temple na gwamnatin Arewacin Najeriya, ta kai wurin, aka yi ta kiransa da sunanta na ɗan lokaci. Mundang, masu ƙasar, Zah Soo suke cewa. Da gwamnatin Cadi ta mayar da yankin babban gandun namun daji a 2022, Zah Soo ta sa masa.

Masu neman Kwara su ne masu neman hanya a ƙasar ƙanƙara

Wanda ya duba taswirar can ƙuryar arewacin duniya zai ci karo da wasu daga cikin mutanen wannan labari. Bayan yaƙe-yaƙen Napoleon, ma'aikatar sojan ruwan Ingila, inda John Barrow yake sakatare, ta sa tambayoyi biyu a gaba: ina Kwara ta ƙare, kuma akwai hanyar jirgi ta arewacin Kanada zuwa Asiya? Wani lokaci hafsa ɗaya ake aikawa nan da can.

George Francis Lyon ya zauna a Murzuk, a ƙasar Fazzan, a 1819, yana tambayar fatake labarin Kano da Katsina da Borno, ya koma da kuskuren cewa Kwara tana bi ta Tafkin Cadi ta haɗu da Nilu. A 1821 sai ga shi yana tuƙa jirgin Hecla a ƙarƙashin William Edward Parry. A watan Satumba na shekarar suka shiga wani dogon mashigin teku a gaɓar Melville, cikin yankin Nunavut na Kanada a yau, suna fatan ya ɓulle yamma. Suka bi lungunansa da ƙananan jirage, suka tarar ko'ina a toshe yake. Parry ya sa masa sunan Lyon, haka yake a taswira har gobe. Da ƙanƙara ta kulle su a wani tsibiri kusa da wurin, wata mace daga cikin Inuwit, mutanen ƙasar, mai suna Iligliuk, ta zana musu taswirar gaɓar, kuma zanenta ne ya kai su mashigin da suka laƙaba wa sunan jiragensu biyu, Fury da Hecla. Aikin da Mai Gashin Baki ya yi wa Flegel ke nan.

Shi kuwa Petermann, da ya yi daidai a kan Binuwai, ya yi kuskure babba a arewa. Ya tsaya kai da fata cewa bayan katangar ƙanƙara akwai buɗaɗɗen teku da jirgi zai ratsa har tsakiyar ƙuryar duniya, aka yi ta tura jirage neman abin da babu. A 1871 tawagar Ba'amurke Charles Francis Hall ta sa sunansa a wani mashigin teku a arewa maso yammacin Girinlan, wurin da Petermann bai taɓa gani ba, kamar yadda bai taɓa ganin Binuwai ba.

Me ya sa mashigan can suka ci sunan Turawa, kogin nan ya riƙe nasa? Halin Barth yana ciki, mutum ne da ya fi son tambaya da raɗa suna. Amma babban dalili shi ne Binuwai hanya ce mai masu ita. Akwai lamiɓe da sarakuna da ke karɓar fito, akwai masunta da fatake, kuma duk Baturen da ke son hauren giwa ko ɗan jagora dole ya kira kogin da sunan da za a gane. A arewacin Kanada mutane kaɗan ne, warwatse, sunayensu suka zauna a bakinsu kawai sai a baya-bayan nan. Garin da ake kira Frobisher Bay sai a 1987 ya koma Iqaluit.

Iyaka, tasha da madatsa

Da kogin ya hau taswira sai ya zama abin rabo. Taron Berlin na 1884 zuwa 1885 ya ayyana Kwara da rassanta a matsayin hanyar da jiragen kowace ƙasa za su bi. Yarjejeniyar Ingila da Jamus ta 1893 ta ja layi ya tsallaka Binuwai kilomita 5 ƙasa da bakin Faro, ta bar Yola ga Ingila, ta bar mafi yawan ƙasar da Yola ke mulka ga Jamus. Wurin da Barth ya tsaya ya tambayi sunan kogi shi ya zama ma'aunin raba Adamawa biyu. Ingilishi suka ci Yola a Satumban 1901, Jamusawa suka karya rundunar Lamiɗo Zubairu a Garwa a Nuwamban shekarar. A Yunin 1915 Garwa ta faɗa hannun Ingila da Faransa, da taimakon manyan bindigogin da aka hauro da su ta kogin.

A zamanin Faransa Garwa ta zama tashar jirgin ruwa. Cikin 'yan makonnin cikar kogi jirage kan hauro daga bakin teku da siminti da man fetur da gishiri, su koma da auduga da gyaɗa, har da audugar kudancin Cadi. Yaƙin basasar Najeriya na 1967 zuwa 1970 ya katse zirga-zirgar, layin dogo ya iso Ngaundere a 1974, kaya suka koma bin Duwala. Tashar ba ta sake komawa yadda take ba. Yanzu manyan kwalekwale masu inji ne ke kai da kawo tsakanin Garwa da Yola.

An gina madatsar Lagdo tsakanin 1977 da 1982 da taimakon ƙasar Sin, kimanin kilomita 50 kudu maso gabashin Garwa. Tsayinta mita 40, tana iya ba da megawat 72 na lantarki, tafkinta ya kusa murabba'in kilomita 600, ya jawo masunta daga Cadi da Najeriya har da Mali. A ƙasan madatsar kuwa malalar da masu masakwa suka dogara da ita ta ragu.

Duk shekarar da aka yi babbar ambaliya, kamar 2012 da 2022, sunan Lagdo ne ke fara fitowa a jaridun Najeriya, tare da na Dasin Hausa, madatsar da aka tsara ginawa a Jihar Adamawa don ta tare ruwan, ba a kammala ba. Sakin ruwa daga Lagdo yana ƙara tsanani, musamman ga garuruwan da ke tsakanin Garwa da Numan. Amma taswirar kogin ta nuna iyakar abin da madatsar ke riƙewa: Mayo Kebbi da Faro duk a ƙasanta suke shigowa, haka Taraba da Donga da Katsina Ala. Kamaru da Najeriya da Cadi suna cikin ƙasashe 9 na Hukumar Kogin Kwara mai hedkwata a Yamai, kuma ƙa'idar da ake bi ita ce hukumomin Kamaru su sanar da na Najeriya kafin a buɗe ƙofofin madatsar.